Mai Riƙon Tawul

Ni ne mai riƙon tawul.
Shekara goma sha huɗu ina tsaye a kusurwa
da bokiti da soso da kwalbar ruwa,
ina ƙirga numfashin yayana Bizo.

A Tawa muka tashi, unguwar Bilbis, kusa da mahauta.
Babanmu Nomau ya so ya gaji wuƙa,
shi kuwa ya cika buhun taki da rairayi,
ya rataye a reshen bedi,
yana dukansa tun ladan bai gyara murya ba.
Mutane suka ce: nan garin kokowa ne,
takobi ake nema,
wa zai yi wa mai safar hannu kiɗa?

Motar albasa ta kai mu Yamai,
muka sauka muna wari har cikin ƙashi.
Sumana, tsohon soja mai karyayyen hanci,
ya dube shi a wani zaure a Bukoki,
ya ce: damanka 'yar surutu ce,
hagun ce ba ta ƙarya.

Asuba gudu bisa gada, kogi bai farka ba.
Rana dakon siminti a Katako.
Dare igiya, inuwa, igiya.
Wata uku bai sha fura ba don sikeli ya yarda da shi.
Ɗan Adar ba fura! Ku auna wannan.

Sai hagun ta fara magana.
Ta yi a Wagadugu, ta yi a Kwatano,
a Lome ko turmi biyu ba a kai ba.
Ran da ya ɗauki kambu a Yamai
mahautan Tawa suka rufe tebur da rana tsaka,
rediyo ɗaya, kunne ɗari,
Baba ya yi kamar wasa wuƙa yake
har ya ci rabin kaifinta.

Ya kare kambun sau biyar.
Dillalai suka ci tsoka, suka miƙo mana ƙashi,
ƙashin ya gina ɗaki biyu, ya kai Inna Makka.

Sannan Abijan.
Yaron Kumasi, shekara ashirin da biyu, ƙafa kamar ta barewa.
A turmi na takwas idon Bizo ya rufe.
Ya zauna, na matse soso a ƙeyarsa,
ya dube ni ya ce: an shayar da shanun?
Mu da ba mu da ko akuya a garin.
Na yi shiru. Ƙararrawa ta kaɗa. Na bar shi ya tashi.
A na tara na jefa.
Tawul ba shi da nauyi,
amma har yau kafaɗata tana jin wannan jifa.

Shekara shida bai ce mini ci kanka ba.

Yanzu mun komo gida.
Kambun na cikin akwati, ruwan zinariyar ya ɓare, dalma ce a ƙasa.
Hannun da ya kwantar da maza
ba ya kai kofin shayi baki sai rabi ya zube.
Ni nake ɗaure masa maɓalli.
Amma da la'asar, in yaran unguwa sun zo gindin bedin nan,
ya kama hannun ɗaya yana naɗa masa bandeji,
rawar takan tsaya cak,
zare na bin zare, ba kuskure.

Jiya bayan magariba
ya zare tawul daga kafaɗata,
ya juya shi, ya shinshina, ya daɗe.
Na ce yau za a yi shari'ar.
Ya ce, harshensa na jan ƙafa:
Illa,
ka makara da turmi ɗaya.

Ya mayar mini, ya gyara masa zama.